Inshorar Gidana da Kayan da Ba Nawa Ba

Gidanmu yana bakin garin Tambuwal, daidai inda gine-gine suke ƙarewa gonaki su fara. Zauren na laka ne, mahaifina ya gina shi, a ciki ya karantar da ɗalibai har ƙarfinsa ya ƙare. Ɗakunan bulo masu rufin kwano da ke ciki ni na ƙara su, da abin da na tara a shekarun da na yi ina koyarwa da aikin tafinta a ƙasashen mutane.

A kusurwar gidan akwai wani ɗaki da muke kira ɗakin ajiya. Tun zamanin mahaifina mutanen ƙauyukan Kebbe suke kawo kayansu nan. Manomi ya kawo buhun gero ya ce a ajiye masa sai kasuwa ta yi kyau. Mai tafiya aikin Hajji ya bar akwatinsa. Ba a rubutawa, ba a biyan ko sisi. Gidan malamai ne, an ɗauka abin da ya shiga ba ya ɓata. A 'yan shekarun nan da hankalin mutanen karkara ya daina kwanciya, ɗakin ya cika har ya kusa taɓa rufi.

Wata shekara bayan kaka, gobara ta tashi a gidan maƙwabcinmu da rana tsaka. Karan dawa da aka jibge bayan madafa ne ya kama. Ba a rasa rai ba, amma kafin bokitan ruwa su yi wani tasiri rabin gidan ya tafi. Babban ɗana, wanda yake aiki a Sakkwato, ya zo jaje. Ya zagaya gidanmu, da zai tafi ya ce, "Baba, zan yi wa gidan nan inshora, shi da kayan cikinsa. Irin ta taimakon juna ce wadda malamai suka yarda da ita. Ni zan riƙa biya."

Abin ba baƙo ba ne a wurina. A Ingila, tsohuwar da na kama hayar ɗaki a gidanta, kafin ta gama koyon sunana ta gargaɗe ni kada in dafa komai a ɗaki, don kada kamfanin inshorarta ya ƙara mata kuɗi. A Sudan kuwa na ga gida ya ƙone, maƙwabta suka yi gayya suka tashe shi, kamar yadda muke yi. Sai dai na lura da wani abu a gidan maƙwabcinmu. Jama'a sun zo, sun kwaɓa laka, sun tayar da katanga. Da aka zo kan siminti da kwano, kowa ya sunkuyar da kai. Gayya tana da hannu, amma aljihunta ba zurfi. Don haka na ce wa ɗana ya turo mutumin inshorar.

Wakilin kamfanin matashi ne mai ladabi, Hausarsa irin ta rediyo. Ya sauka a bas, ɗan kabu-kabu ya ƙaraso da shi. Bayan ya sha ruwa na fara gaya masa abin da na kashe wajen ginin, sai ya dakatar da ni.

"Baba, ba abin da ka kashe jiya muke nema ba. Abin da za a kashe gobe, in za a sake tayar da shi."

Da ya faɗi abin da kwano da siminti suka kai yanzu, sai na ga ashe ina kwana a gidan da ba zan iya sake ginawa ba. Ya tambayi nisan da ke tsakaninmu da motar kashe gobara. Ya tambayi ko rijiyarmu tana ƙafewa da rani. Zauren laka ya ba shi wahala, don bai san a wane aji zai sa shi ba. Kowace amsa na bayar, ko dai ta ɗaga kuɗin ko ta sauke shi kaɗan, kuma mafi yawansu ɗagawa suka yi. Gidan da ba birni ba, ba ƙauye ba, yana da wayar lantarki irin ta birni da kara irin na ƙauye, haɗarin duka biyun yake ɗauke da shi.

Daga nan muka zo ɗakin ajiya. Na buɗe, ya tsaya yana kallon buhuna da akwatuna.

"Masha Allah. Baba, duk naka ne?"

"Ko tsinke babu nawa a ciki."

Na yi masa bayani. Ya daɗe yana sosa ƙeya, sannan ya ce kamfani ba ya ɗaukar nauyin kayan da ba na mai gida ba, balle waɗanda ba a san adadinsu ba, masu su ma suna warwatse a ƙauyuka. Bayan haka, zamansu a nan yana ƙara kuɗin ginin kansa, domin hatsi da katifu abincin wuta ne. Ya ɗaga kai ya nuna mini wayar lantarki da ɓeraye suka fere a saman buhunan. Sannan ya ratsa zuwa bangon baya, ya kira ni.

"Baba, don Allah kawo hannunka."

Ya ɗora tafina a bangon. Da ɗumi, kamar jikin mai zazzaɓi. A bayansa murhun gidan yake, lokacin kuwa ana tuƙa tuwo.

Kuɗi iri biyu ya faɗa kafin ya tafi. In an kwashe kayan mutane an rufe ɗakin, abin da za a biya a shekara mai sauƙi ne, ga gini ga kayana duka a ciki. In an bar shi yadda yake, kuɗin zai haura sosai, kuma duk da haka in wuta ta ci, masu ajiya ba su da komai.

Ɗana bai ga abin shawara a nan ba. "Baba, a mayar wa kowa kayansa. Ba mu ƙi mutane ba, amma ba za mu biya kuɗi da yawa a kan abin da ba a ma kare shi ba." Ban iya cewa ya yi kuskure ba. Na ce zan fara da wadda ta fi kowa kaya a ɗakin, taubashiyata, 'yar gwaggona da take zaune a Fakku tun rasuwar mijinta. Geron shekararta yana wurina, da keken ɗinkin marigayin.

Na bi mota zuwa Kebbe, daga can na hau babur. Hanyar ta girgiza mini duk ƙashin da tsufa ya bari. Na same ta tana ɓarar gyaɗa a inuwa.

"A'a, Malam na Turai! Lafiya ka taho cikin wagga rana? Ko jirgin sama ya manta da kai?"

Muka gaisa, na tambayi yara. Sannan na gaya mata komai, da gobarar, da matashin, da kuɗin nan iri biyu. Hannunta bai bar gyaɗar ba.

"To, ina nika kai su?" ta ce. "Dubi ɗakin ga. Ƙyauren ma da igiya nika ɗaure shi. Abin da munka kai maka, don mu samu barci munka kai shi."

"Na sani. Amma in wuta ta kama, babu mai biyan ki."

"Da can wa ka biya na? In wuta ta ci, Allah ya nufa. Kai da kaka karantar da mutane, ka mance mai riƙon amana ba shi biya?"

Ban manta ba. A zauren nan na koye shi a gaban mahaifina: abin da aka ba ka ajiya, in ya salwanta ba da sakacinka ba, babu ramuwa a kanka. Na ce mata, "In bai yi sakaci ba ke nan. Ni kuwa an kama hannuna an ɗora a bango, na ji ɗuminsa. Daga ranar nan ba ni da bakin cewa ban sani ba."

Ta yi dariya har ta ajiye kwaryar. "Ka je Ingila, ka je Sudan, sai da yaro ya taho daga Sakkwato ya gaya maka wuta na da zafi!" Dariyar ta ƙare, ta dube ni. "To, bangon za ka gyara, ko mu za ka kora?"

Ta sa aka dama mini fura, na sha, na kama hanya kafin la'asar. Ban ce ta zo ta kwashe kayanta ba, ita ma ba ta sake tayar da zancen ba.

Da na dawo na kira ɗana. Na ce a yi wa ginin inshora shi kaɗai, a cire kayana daga lissafi, gado da firiji da sauransu, abin da aka rage a nan ya cike tsadar ɗakin ajiya. Ya ce, "Baba, ke nan kayanka da na mutane duk a waje suke."

"Duk a waje. Aƙalla in wuta ta ci, tare ta ci mu."

Bai ji daɗi ba, amma bai yi musu ba. Muka tashi murhu muka mayar da shi can ɗaya gefen tsakar gida. Maiɗakina ta yi mita, don sabon wurin rana tana dukansa, sai da aka yi mata rumfar kwano. Aka sauya wayar lantarkin, aka kwashe kara aka kai bakin gona. Matashin ya dawo ya duba, ya rage kuɗin, ba da yawa ba.

Tun daga lokacin, duk wanda ya kawo ajiya sai na gaya masa a fili cewa inshorar gidan nan ba ta shafi kayansa ba. Bara wani manomi daga wajen Kebbe ya sauke buhun wake a ƙofar zaure, na yi masa bayanin tun daga farko. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "To, Malam. Wane gefe za ni aje shi?"

Na nuna masa kusa da keken ɗinki. Bayan ya fita, na ratsa tsakanin buhuna zuwa bangon baya, kamar yadda nake yi kullum in an ɗora tukunya, na ɗora tafina. Da sanyi.