Kofin Shayin da Ya Jefa Ni Filin Kokawa

Jama'a, yau na kayar da ƙato ban ko taɓa shi ba.

Na kawo bandar kifi kasuwar Haɗeja daga Guri, sai na tarar ana kokawa. Ga akawun wani kamfanin Turawa ya kafa tebur a bakin fili yana tallar ganyen shayi. Wai duk wanda ya sha, bayansa ba ya taɓa ƙasa.

Ya miƙa kofi ga Ɗanjuma, gwanin da ya gagari kowa. Ɗanjuma ya kau da kai, don ɗan kokawa ba ya shan abin hannun baƙo.

Ni kuwa yunwa ke cina. Na ce, "Malam, kawo nan." Na shanye.

Kafin in ajiye kofin makaɗa sun juyo kaina, wai na ƙalubalanci Ɗanjuma, an ingiza ni tsakiyar fili. Zafin shayin kuwa ya sa gumi ya karyo mini.

Ɗanjuma ya dubi gumin da ke keto mini, ya ce, "Ɗan'uwa, ba na kama wanda ya sha asirin Nasara." Ya dafa ƙasa da kansa!

Shayi ya ƙare tas. 'Yan kokawar Kaugama ne suka saye, sun sha sun ƙoshi, ga su can suna cigiyar masaukina, wai sai sun kara da ni.