Wa Zai Gaya wa Lidiya?

Lauratu tana gindin ɗorawar makaranta, ta sauke tukunyar wake da shinkafa ke nan tana jiran yara su fito tara, sai wayarta ta yi ƙara. Iliya ne, mijin Rifkatu, daga asibiti a Kano. Bai tambayi kwana ba. Sunanta kawai ya kira, sannan ya ce, "Ubangiji ya karɓi abarsa da asuba. Gobe za mu sa ta a Kafin Dafga."

Ta ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, ta sake faɗa, ta zauna a ƙasa da ludayin a hannunta. Ta tagar aji uku, ajin Rifkatu, tana jiyo yara suna rera lissafi da iya ƙarfinsu.

Da ta tashi, ta je ta sami hedimasta, Malam Bitrus, ta gaya masa Rifkatu ta rasu. Ya cire tabarau, ya rufe fuskarsa da hannu. Can ya ce, "Inna Laure, yara kada su ji. Hutu saura sati biyu. In sun tambaya, a ce an wuce da Malama Legas wajen babban likita. Musamman Lidiya. Yarinyar nan in ta ji, duk wahalar da aka sha a kanta ta tashi a banza."

Lauratu ta fito. Ta koma gindin bishiya tana tunanin Lidiya, wadda kullum ita ce ta farko a layi, kuma kullum sai ta tambayi Malama.

Tare Lauratu da Rifkatu suka tashi a wani ƙauye na Kafin Dafga. Gidan su Rifkatu Kirista ne, gidan su Lauratu Musulmi, dangar kara ce kawai a tsakani. Rijiya ɗaya suke ɗiba. Ran Sallah Rifkatu ce ke fara cin tuwon gidan su Lauratu, ran Kirsimeti kuma uban Rifkatu yakan kira baban Lauratu ya yanka musu akuya don kowa ya ci. Rifkatu doguwa ce, mai wushirya, mai saurin tafiya. Tana son waƙa, amma waƙa ba ta sonta, har 'yan zumuntar mata na majami'a sukan roƙe ta ta riƙe musu tulun kiɗa ta bar musu rerawa. Ita ta yi karatu har ta zama malama. Lauratu a aji shida ta tsaya, aka yi mata aure a Gidan Kanya, can wajen Jajaye a ƙasar Rogo. Shekara bakwai ba su ga juna ba. Rannan sai ga Rifkatu da mijinta kafinta a bayan a-kori-kura da gado da tukwane, an ɗauke ta koyarwa a firamaren majami'ar garin. Ita ta nema wa Lauratu izinin sayar wa yara abinci. Daga nan suka yi shekara goma sha tara a gindin bishiya ɗaya.

Makarantar ba wata babba ba ce. Azuzuwa shida ne na ƙasa da rufin kwano a gefen majami'a, da 'yar gona a baya. Yaran 'ya'yan manoma ne, har da na maƙwabta Musulmi. Karatun Rifkatu ba shi da laifi, amma ba da shi aka san ta ba. An san ta da faifan gyaɗa.

Ta lura cewa in babba ya tsayar da yaro a gabansa ya ce me ke damunka, yaron zai sunkuyar da kai ya ce ba komai, ko da cikinsa na ci da wuta. Haka aka rene shi, ba a kallon idon babba. Sai ta daina tsayar da su. Gyaɗar irin gonar makaranta tana hannunta, ta ƙi a kai ta inji. Lokacin tara takan zauna a kan benci da faifai a cinya, ta hango yaron da ya keɓe kansa, ta ce, "Kai, zo ka taya ni, yatsuna sun gaji." Ba ta kallonsa. Kafaɗa da kafaɗa suke zama, ido yana kan gyaɗa. Wani ranar farko yake magana, wani sai ya yi sati.

A nan ta ji wanda ubansa ya tafi ci-rani bai ƙara kira ba, da wadda ake wa dariya saboda in'ina. Ba yara kaɗai ba. Sabuwar malama da ta kasa riƙe aji ta zauna a bencin nan ta yi kuka. Iyaye mata sukan biyo da sunan kawo wa yaro ruwa. Malamai suna tsokanarta, suna cewa asibitin gyaɗa ya buɗe. Takan ce, "Ku ma akwai gado, ku zo." Kuma ta san inda ƙarfinta ya tsaya. Akwai wata uwa da ta haihu ta daina barci, tana magana ita kaɗai. Rifkatu ta yi mata addu'a, sannan ta hau mota da ita har wajen likita. Da wani dattijon majami'a ya ce ai addu'a ta isa, ta ce masa, "Baba, wanda ya ba mu addu'a shi ya ba likita ilimi. Ba su taɓa faɗa ba."

Shekara biyu da suka wuce aka kawo Lidiya, tana da shekara bakwai. Daga wajen Kurugu take. Uwarta ta rasu wajen haihuwa, ubanta ya kawo ta wurin yayarsa, wadda duk garin ke kira Gwaggo. Aka ce wa yarinyar mamanta ta yi tafiya Kaduna. Haka ake yi, don a tausaya wa yaro.

Duk ranar kasuwa sai a nemi Lidiya a aji a rasa. Tana bakin hanya, tana leƙa kowace mota da ta tsaya. Aka yi mata faɗa, aka yi mata bulala, ba ta daina ba. Bayan wata huɗu ta daina magana gaba ɗaya. Abincin da Lauratu ta zuba mata sai ta ajiye wa kaji. Gwaggo ta ce iska ce, dattawa suka zo suka ɗora mata hannu.

Kwana goma sha ɗaya Rifkatu ta yi tana ɓarar gyaɗa da yarinyar nan ba kalma. Lauratu tana gefe tana wanke kwanuka a rana ta goma sha biyu, ta ji muryar da ba ta taɓa ji sosai ba.

"Ni na fasa mata tulu."

Rifkatu ba ta ɗago ba. Ta ce, "Wa?"

"Mama. Ta ce na ishe ta. Washegari ta tafi. In ta dawo zan ce ta yi haƙuri."

Da aka tashi, Rifkatu ta ja Lauratu suka tafi gidan Gwaggo. Suka gaisa, aka tambayi gajiya, aka tambayi yara da ruwa, sannan Rifkatu ta faɗi abin da ya kawo ta.

Gwaggo ta ajiye muciya. "Malama, boko ne ya koya miki wannan? A gaya wa 'yar shekara bakwai uwarta ta mutu? Ni da aka ce min babana ya tafi fatauci, ga ni nan, na mutu ne?"

"Shekara nawa kika yi kina jiransa, Gwaggo?"

Tsohuwar ta kau da kai. Sai ta juya kan Lauratu. "Ke kuma mai shinkafa, rakiya kika zo ko shaida?"

"Kunnena ne ya ji, Gwaggo. Yarinyar nan tana zaton ita ta kori uwarta."

Sai da aka yi zuwa uku, aka kira uban daga Kurugu, kafin aka yarda. Rifkatu ce ta gaya wa Lidiya gaskiya, Gwaggo na riƙe da ita. Ta gaya mata tulu ba ya raba uwa da 'ya, ciwo ne ya zo, likita ya yi iya yinsa. Suka kai ta ta ga kabarin. Kwana uku tana kuka har maƙwabta suka fara cewa ga abin da Malama ta jawo. A na huɗu ta zo ta miƙa wa Lauratu kwano ta ce a ƙara mata wake. Tun daga nan inda Rifkatu ta sa ƙafa nan Lidiya ke sawa.

Duk wannan ne ya dawo wa Lauratu a gindin ɗorawa. Aka kaɗa ƙararrawa, yara suka ɓarke da gudu. Lidiya ta iso ta farko.

"Inna Laure, Malama ta kira?"

Lauratu ta zuba mata abinci. Ta ce, "Ci tukuna. Ina zuwa." Ta bar wa wata malama ludayin ta koma ofis.

"Malam, ka gafarce ni. Ni ban yi karatu ba, kuma makarantarku ce. Amma bakina ba zai iya cewa Legas ba."

"Inna Laure, tausayinta nake ji."

"Na sani. Amma motar Legas ma ta bakin hanyar nan take wucewa. Ka shirya sake ɗauko ta daga can?"

Malam Bitrus ya daɗe yana juya tabarau a hannunsa. Ya ce ba zai yanke shi kaɗai ba, a kira Gwaggo. Aka same ta a gona. Ta zo da ƙasa a ƙafarta, ta ji abin da ya faru, ta zauna a dokin ƙofa ta yi kukanta. Da ta share ido ta ce, "Ku gaya mata. Amma ni ba zan iya ba. Ke mai shinkafa, ke ce aminiyarta."

A bayan aji suka zauna su uku, Lauratu da Gwaggo da Lidiya. Lauratu ta shirya kalmomi masu taushi a hanya, duk suka gudu. Ta ce, "Lidiya, Malama ta rasu yau da asuba. Ciwon ƙodar nan nata ne. Ba za ta dawo ba." Sai kuka ya ƙwace mata, ita da ta zo lallashi.

Yarinyar ta kalle ta, ta kalli Gwaggo. "Da gaske ne, ko kuna faɗa ne kawai?"

"Da gaske ne."

"Za a bar ni in je jana'iza?"

Gwaggo ta ce, "A cinyata za ki zauna a mota."

Sannan Lidiya ta yi kukan, mai ƙarfi, har aji shida suka jiyo. Malam Bitrus ya tara makarantar duka a cikin majami'a ya gaya musu da bakinsa. Suka yi addu'a, suka rera waƙar da Malama ta fi so ta kuma fi ɓatawa. Lauratu tana waje a kan benci tana tata addu'ar. Ranar Litinin Lidiya ta zo makaranta. Idonta a kumbure, amma ajinta ta shiga.

Lauratu har yanzu tana kai abinci. Abin da ya fi yi mata wuya shi ne bayan tara, sa'ad da yara suka koma aji, wurin ya yi tsit. Lokacin ne Rifkatu takan zo ta kankare ƙanzon tukunya tana cewa gishiri ya yi yawa. Lauratu takan ji wani abin dariya a gari ta adana shi, sai ta iso gindin bishiya ta tuna ba wanda za ta ba.

Rabuwarsu a bakin hanya ce, sati uku kafin rasuwar, suna jiran motar Kano. Ƙafafun Rifkatu sun kumbura, silifan Iliya ne a ƙafarta. Lauratu ta kawo mata dambu a ƙullin leda.

"Laure, likita ya hana ni gishiri, ke kuma kin kawo min buhu guda."

"Ban sa ba, wallahi. Ci ki ji, kamar dusa."

Rifkatu ta ɗanɗana ta yamutsa fuska. "Yau kam kin yi gaskiya."

Lauratu ta gyara mata mayafi ta ce, "Sati ɗaya ne, za ki dawo ki ishe mu da surutu."

Rifkatu ta dube ta. "Ke ma, Laure?"

Lauratu ta sunkuyar da kai. Ta matsa ta zauna kusa da ita a kan kututture, suna kallon hanya. Can ta ce, "Aminiya, kina jin tsoro?"

"Ina ji. Tun jiya nake so wani ya tambaye ni."

"Ni ma ina ji."

Suka riƙe hannu har motar ta tsaya. Iliya ya sa kaya, ya taimaka mata ta hau. Ta leƙo ta taga.

"In hadari ya taso ki shigar min da akuyata, ba ta son ruwa."

"Zan shigar."

"To, Laure."

"Allah ya kiyaye hanya, Aminiya."

"Amin. Koma, abincinki zai huce."