Wanda Sadiku ya koya wa aiki

Jama'a, yau an kori ɗana daga aiki yana zaune a cikin gidana! Ni Hajiya Balaraba, da tsufana, ban taɓa ganin irin wannan ba!

Kun san Sadiku, autana, babban kamfanin nan na masu haɗa manhajar kwamfuta yake wa aiki, daga ɗakinsa a nan Unguwar Dosa. Da hantsi yana cikin danne-dannensa, sai kwamfutar ta rufe ruf! Saƙo kawai ya shigo wayarsa, wai aikinsa ya ƙare. Ba wanda ya kira shi, balle a dubi idonsa.

Bayan azahar sai ga sallama. Wa zan gani? Nura! Sabon ma'aikacin da kamfanin ya turo wa Sadiku tun azumi ya koya masa aiki. A tabarmata yake buɗa-baki, Mama yake ce min!

Na ce, "Jaje ka zo, ɗan nan?"

Ya sunkuyar da kai. "Mama, kwamfutar aka aiko ni in karɓa."

"Kai aka ba gurbinsa?"

"Tun kafin in fara zuwa aka gaya min. Oga ya ce in yi shiru sai na gama koyo."

Innalillahi! Sadiku ya naɗe wayoyin kwamfutar, ya haɗa da ita ya miƙa masa.

Don rashin ta ido, wai har Nura ya durƙusa in sa masa albarka!

Na ce, "Tashi, Nura. Je ka wurin wanda ya ce ka yi shiru, ya sa maka."