Ranar da Na Shayar da Ɗan Facalata

Shekarun baya, lokacin ina goyon 'yata ta fari, muna zaune a babban gidan su maigidana a Wudil. Sashenmu na kallon na ƙaninsa, ɗakin surukata kuma na tsakiya. Ni da facalata, matar ƙanin nasa, ba ma faɗa, amma ba ma shiri. Lokacin ban daɗe da yin sauka a Islamiyya ba, ustazanci na ɗibata, ko buta aka ajiye a karkace sai na ce malam ya ce. Ita kuwa ba ta da haƙurin wa'azi.

Wata Juma'a da hantsi ta haihu, namiji. Ba a gama murna ba jini ya ɓalle mata. Aka sa ta a mota sai asibiti, daga can aka ce a wuce da ita Kano. Mijinta da mahaifiyarta suka bi ta, aka bar wa surukata jaririn.

Da farko kukansa har ƙofar gida. Aka lasa masa dabino, aka ɗiga masa zamzam. Aka aika kemis aka sayo madarar gwangwani, ana ba shi da cokali yana dawo da ita. Ni ina ɗakina ina jin komai, gaban rigata ya jiƙe sharkaf, don duk kukan da ya yi sai nonona ya kawo.

Bayan an sakko daga masallaci na kasa daurewa. Na je na durƙusa a bakin ƙofar surukata.

"Inna, ko a kawo shi in gwada ba shi?"

Kafin ta buɗe baki, gwaggon maigidana, wadda ta zo daga Indabo tun da safe, ta riga ta.

"Ke 'yar nan, kin san abin da kike faɗa kuwa? In ya sha nononki ya zama ɗanki. Babu aure tsakaninsa da 'yarki, da duk wadda za ki haifa nan gaba. Mu gidan nan da auren zumunci muka tashi. Ke za ki datse shi da rana tsaka, uwarsa ba ta nan, ubansa ba ya nan?"

"Gwaggo, na sani. Amma addini bai hana ba, kuma yaron..."

"Mijinki ma kin tambaye shi?"

Nan ta kama ni, don ban tambaya ba, kuma shi ma zai zama uba ga yaron. Maigidana na kara wajen shanu, ga shi Juma'a ce ranar kasuwar Wudil, samun mutum a waya sai an dace. Na kira, na sake kira, ba ta shiga. Na kira ƙaninsa, a kashe. Surukata ta ce, "Je ki tukuna, Allah zai kawo mafita." Ko ɗago ido ba ta yi ba.

Na koma ɗaki na tayar da sallah. Wallahi ban san me na karanta ba. Kukan ya koma kamar na ɗan mage, can ƙasa-ƙasa, yana yi yana yankewa. Wajen la'asar sai na daina jin sa gaba ɗaya. Wannan shirun ya fi kukan tayar min da hankali. Na miƙe na zauna, na miƙe na zauna. In na je na ɗauke shi da ƙarfi, na yi wa manya rashin kunya a gidansu. In na zauna kuma wani abu ya same shi, me zan ce wa Allah?

Ina cikin haka aka ɗaga labule. Surukata ce, da abu a ƙarƙashin mayafinta. Ta ɗora min shi a cinya, ta koma ta tsaya a bakin ƙofa, ta ba ni baya.

"Yi bisimilla," ta ce. "In an tambaya, ni na sa ki."

Leɓensa ya bushe, jikinsa ya saki. Na kai masa, bai kama ba. Na matsa masa a baki, ya gangaro ta gefe. Ina ta salati. Daga tsakar gida ina jin gwaggo na tambaya ina aka kai yaro, surukata ta ce mata, "Yana inda na kai shi." Can sai na ji ya ɗan motsa harshe. Ya ja sau ɗaya, ya tsaya. Sai kuma ya kama da gaske. Ban san ina kuka ba sai da hawayena ya ɗiga a goshinsa.

Da maigidana ya dawo na gaya masa. Ya ce, "Da kin same ni ma cewa zan yi ki ba shi."

Sai dai maganar ba ta ƙare a nan ba. Ranar da za a sallamo facalata, gwaggo ta tara mu ta ce a rufe zancen, a ce madara aka ba shi. Na ce, "Gwaggo, ki gafarce ni, wannan ba ya ɓoyuwa. Halal da haram ne a ciki. In mun mutu, wa zai gaya wa yaran?" Ta yi fushi ta koma Indabo ko suna ba ta tsaya ba.

Ni da bakina na gaya wa facalata. Tana kwance, duk ta rame. Ta kalle ni ta ce, "Duk gidan nan a rasa wadda za ta riga ni ba ɗana nono sai ke?" Ta juya fuska bango. Na tashi na fito.

Kwanaki ko gaisuwata ba ta amsawa sosai. Nonon nata kuma bai kawo da yawa ba saboda jinin da ta zubar. Wata rana ina tankaɗe, sai ga ta a ƙofata tana dafa bango, yaron na tsala kuka a kafaɗarta.

"Yaya, bai ƙoshi ba," ta ce.

Na karkaɗe hannuna na karɓe shi. Ta zauna kusa da ni a tabarma, ta ɗauki 'yata tana jijjigawa, har ya gama.

Yau yaron ya fi ni tsawo. Yana shigowa sashenmu ba a gudu neman hijabi, yana faɗa da 'ya'yana a kan ƙanzo kamar kowane ɗan'uwa. Ni da uwarsa har yanzu mukan saɓa, halinmu bai zo ɗaya ba. Amma ranar da aka kwantar da ni haihuwar auta, da na farfaɗo, ita na gani zaune a gefen gadon, riƙe da jaririyata, ta hana kowa taɓa ta sai na tashi.