Aloberar Hajiya

Bayan an gama rabon gadon Hajiya, mahaifiyarmu, sai aka zo kan tarkacen ɗaki. Yayata ta ɗauki keken ɗinki, ƙanwata ta ɗauki tukwanen tasa, ni kuma aka dube ni aka ce ai ni ce mai haƙuri, a bar mini alobera. Ba ni da haƙuri, kowa a gidanmu ya sani. Ni ce dai na ci gaba da zama a gidan na Madabo, randar da take ciki kuma tana da nauyi.

Tun ina ƙarama take nan a gindin katanga, cikin tsohuwar randa mai fasasshen baki. Duk wanda ya ƙone a lungunmu, ko mai ya fantsar masa, ko kan yarinya ya yi amosani, gidanmu ake aikowa a yanki ganye. Hajiya ba ta taɓa hana kowa ba, ba ta kuma taɓa bayarwa ba tare da ta yi wa mutum faɗan sakaci ba. Da ta rasu, abin da ya rage mai rai a cikin kayanta ke nan, kuma na ƙudura ba za ta mutu a hannuna ba.

Sai na yi abin da nake ganin kirki ne. Na mayar da wurin alwalata bakin randar, don kada ruwa mai albarka ya tafi makwarara a banza, ladan shayarwa kuma ya isa ga Hajiya. Sau biyar a rana. Maigidana ya gani ya yaba, shi ma ya koma can da butarsa. Baƙin da suka zo gaisuwa, duk wanda sallah ta riska a gidan, can nake nuna masa. Ba na jin akwai tsiron da ya sha ruwan alwala irin wannan a cikin ganuwar Kano.

Wajen wata biyu, na ga wani farin abu a matsematsin ganyen. Na ɗauka audugar matashi ce iska ta kwaso. Na hure, ba ta tashi ba. Na sa farce na murje, sai ta bar mini jan danshi a yatsa. Ƙwari ne, ƙanana, kowanne ya lulluɓa da farin gari, sun yi zamansu ba sa ko motsi. Tururuwa kuma na ta hawa da sauka a kansu kamar masu kai gaisuwa.

Raina ya ɓaci. Na barbaɗa toka, suka ƙara fari. Na fesa maganin sauro, ganye biyu suka ƙone, ƙwarin ko a jikinsu. Da na ga ganyen ya fara yin laushi yana rawaya, sai na ce ƙishi ne, na ƙara ruwa.

A haka Gwaggo ta same ni. Aminiyar Hajiya ce tun suna amare, gidanta na bayan namu, ta zo yankar ganye saboda jikarta ta taɓa dutsen guga. Ta tsaya a kan randar ta daɗe, sannan ta tura yatsa cikin ƙasar ta zaro shi da taɓo.

"Ke, shinkafa kike nomawa?"

Na yi mata bayanin alwala da lada. Ta saurara har na gama.

"Allah ya karɓa," in ji ta. "Amma uwarki ranar Juma'a kawai take ba ta, rabin moɗa. Da damina ma ko kallonta ba ta yi. Wannan abar ruwanta na cikin jikinta. Kin jiƙa ta ta yi laushi, ƙwari suka samu tuwo."

Ta kama gindin ta ja, sai ga shi ya taho ba gardama. Saiwar ta zama baƙa, tana wari, farin ƙwarin har a can ƙasa. Uwar ta gama. A gefe ne Gwaggo ta tono 'ya guda da ta tsiro a gindinta, ba ta fi tsawon yatsana ba, ita ma da ƙwarinta.

Ta sa na naɗa auduga a tsinken tsintsiya, na tsoma a sifirit ɗin da ake goge ciwo, na bi su ɗaya bayan ɗaya ina dangwalewa. Muka wanke ta da ruwan ganyen darbejiya da ɗan sabulu. Ta ce a zubar da tsohuwar ƙasar can nesa, a ƙona cikin randar da karan dawa, a zuba sabuwa mai yashi da yawa.

"Ki ajiye 'yar a inuwa kwana uku ta bushe, sannan ki dasa. Daga nan kwana goma, ko ɗigo."

"Gwaggo, kwana goma?"

"Ko ɗigo, na ce."

A nan ne na zauna a bakin rijiya na fashe da kuka, abin da ban yi ba ko ranar jana'iza. Gwaggo ba ta san dalili ba, sai da na faɗa mata. Ranar da za a yi wa Hajiya aiki a asibiti, likita ya ce kada a ba ta komai ta baki. Ni ce a wurinta. Sau uku tana cewa, "Ba ni ruwa, ko kurɓi ɗaya," ina cewa ta yi haƙuri sai an fito. Ba ta fito ba. Na san umarni na bi, na san ba ruwan ne ya kashe ta ba, amma abin yana cina kullum.

Gwaggo ta gyara mayafinta.

"Wancan karon daidai kika yi," ta ce. "Wannan ma haka za ki yi."

Bayan kwana uku na dasa ta, na mayar da butata makwarara. Kwana goman nan ina alwala na juya wa randar baya, saboda in na kalle ta hannuna ƙaiƙayi yake. Kowace safiya na duba matsematsin ganye da tsinkena. Na samu ƙwari biyu a rana ta huɗu, ɗaya a ta shida, daga nan ban ƙara gani ba.

Rana ta goma sha ɗaya ta faɗo Alhamis. Na ƙara mata kwana guda. Ranar Juma'a da hantsi na ɗauko moɗar Hajiya, na cika ta rabi, na durƙusa na zuba a hankali. Ƙasar ta shanye nan take. Akwai sauran ruwa a bokiti kusa da ƙafata, na ɗauke shi na kai madafa.