Sifaniyancin Neman Aure

Shekarun baya, lokacin ina gwauro ina dillancin shanu a Trans-Amadi, cikin Fatakwal, babu abin da ya haɗa ni da Sifaniyanci sai kallon ƙwallo. Hausa da Turancin buroka da ɗan yaren Ibo na ciniki su suke ci da ni a Fatakwal, kuma yare bai taɓa hana ni sayar da sa ba.

Sai na ga wata budurwa a wurin matar da nake sayen tuwo. Mai tuwon gwaggonta ce. Budurwar kuwa a Malabo aka haife ta, wani birni da ke kan tsibiri a ƙasar Gini ta Ikwatoriya, can cikin teku ba nisa da mu. Mahaifinta Bahaushe ne da kasuwanci ya kai shi can, ya auri 'yar garin ta musulunta. Bayan rasuwarsa aka turo yarinyar Fatakwal ta koyi ɗinki. Na fara cin tuwo safe da rana har gwaggo ta gane ba yunwa ke kawo ni ba. Magana ta yi nisa, dangin uba suka amince, saura mahaifiya. Ita kuma ta aiko cewa ba za ta ba da 'yarta ga wanda ba ta gani ba. Sai an kira ta a waya, ta ga fuskata, ta ji bakina. Mu da muka saba in ka hango suruka ka canza hanya! Ga shi kuma Hausarta ba ta wuce "sannu" da "lafiya lau" ba, Sifaniyanci take yi.

Yarinyar ta ce, "Kada ka damu, ka yi Hausarka, ni zan yi maka tafinta."

Iyayi ya hana ni yarda. Na ce ai namiji da bakinsa yake neman aure.

Mai gidan da nake haya wani tsoho ne ɗan Ibo, kowa Papa yake ce masa. Da ƙuruciyarsa ya yi aikin gonar koko a tsibirin nan, wanda su suke kira Panya, kuma Sifaniyancin bai gudu daga bakinsa ba. Kunnensa ɗaya dai ya mutu, ɗayan ma sai an ɗaga murya. Na same shi a gindin mangwaro na faɗa masa buƙatata. Ya tambaye ni da buroka me nake so in gaya wa matar. Na ce, zan yi aiki, 'yarki za ta ci ta ƙoshi, zan zo gidanki in gaishe ki.

Papa ya yi dariya ya ce, "Duk maganar taka ta gobe ce, babu ta yau ko ɗaya. To ka huta, gobe kaɗai zan koya maka."

Ya ce mu Hausawa "za" muke sakawa a gaba, su kuwa wutsiya suke ɗaura wa kalma a baya. Ka ɗauko kalmar aikin ɗungurungum, kada ka yanke mata komai. In kai ne za ka yi, ka liƙa mata é. In wanda kake wa magana ne, ás. In wani ne can, á. In kai da wasu ne za ku yi, emos. Aiki trabajar ne, zan yi aiki trabajaré. Ci comer ne, zan ci comeré, za ka ci comerás, za mu ci comeremos. Na ce a raina, ashe yaren da ake ta kambamawa wutsiya ce kawai.

Na koma kara ina gwadawa a kan shanu. In na zuba wa sa dusa sai in ce masa "comerás". In mahauta sun saye shi sun ja igiya, sai in bi shi da "mañana no comerás", wato gobe ba za ka ci ba. Abokina da muke dillanci tare ya ja ni gefe ya tambaye ni a hankali ko in raka shi wurin malam a yi mini tofi.

Papa ya gargaɗe ni cewa akwai kalmomi masu taurin kai da ba sa karɓar wutsiya sai sun canza kama. Cikinsu har da venir, wato zuwa. Ba a cewa veniré, sai vendré. To kun san bakin Bahaushe ba ya ƙaunar baƙaƙe su cunkushe wuri ɗaya, sai ya sa musu wasali a tsakani su sha iska. Haka muka samu burodi da direba. Ni ma ban san lokacin da vendré ta koma "bendere" a bakina ba. Kullum in na maimaita, Papa ya juyo mini mataccen kunnen ya gyaɗa kai ya ce na iya.

Ranar kiran, wata Lahadi bayan azahar, na sa shaddata ta Sallah, na yi wanka da turare kamar ƙamshi zai bi waya ya isa Malabo. Gwaggo ta jingina wayar da kular abinci a kan tebur. Sai ga mahaifiyar ta bayyana, mace mai jiki, da tabarau, fuskar nan babu wasa. Na zube ƙasa don gaisuwa, na ɓace daga hoton gaba ɗaya. Sai da gwaggo ta ce, "Tashi mana, bango take kallo."

Na gyara murya. "Buenas tardes, mamá. Trabajaré." Ta gyaɗa kai. "Su hija comerá," wato 'yarki za ta ci. Na ƙara da "carne", wato nama, don ta san gidan dillalin shanu za a kawo 'yarta. Na ga gefen bakinta ya motsa. Gwaggo ta dube ni da mamaki, yarinyar ta sunkuyar da kai tana murmushi. Kaina ya kumbura. Na dafa ƙirji na saki babbar:

"Mamá, venderé su casa!"

Matar ta tsaya cak. Na ɗauka sabis ne ya ɗauke, sai na matso na ɗaga murya, na sako kawuna, wato tío, a ciki don ta san da manya zan zo: "Mi tío y yo venderemos su casa. Pronto! In sha Allahu!"

Ban taɓa jin mutum ya yi magana da sauri irin haka ba. Ta cire tabarau, ta nuna ni da yatsa, ta yi ta zubowa ba numfashi. Ni kuwa ina ta murmushi ina cewa "gracias". Sai ƙit, ta kashe.

Gwaggo ta ce, "Ke, me ya ce mata?"

Yarinyar ta riƙe ciki, dariya na cinta, hawaye na zuba, ban san wanne ya fi yawa ba. Da ƙyar ta ce, "Gwaggo, cewa ya yi zai sayar da gidanta. Shi da kawunsa. Nan ba da jimawa ba."

Ashe vendré ce zan zo, venderé kuwa zan sayar. Wasalin nan da bakina ya ƙara shi ya mai da ni daga baƙo zuwa dillali. Sannan akwai wata 'yar kalma, "a", da ake sakawa kafin a ambaci wurin da za a je, na yar da ita a hanya, tunda mu "zan zo gidanki" muke cewa kai tsaye. Abin da ya ƙara dagula lamarin, wanda ban sani ba sai ranar, tun rasuwar mijinta wasu danginsa suke matsa mata a sayar da gidan a raba gado, ita kuma ta ce sai dai bayan ranta. Kuma an riga an gaya mata sana'ata dillanci ce.

Gwaggo ta tafa hannu ta ce, "An ce a yi maka tafinta ka ƙi. Ga shi ka sayar da gida tun ba ka ga ƙofarsa ba."

Kafin magariba saƙo ya iso daga mahaifiyar, wai maza yarinya ta haɗa kayanta ta dawo Malabo. An kira matar, an sake kira, ba ta ɗauka. Na yi kwanaki tuwo ba ya wuce mini. Na je na tsaya ta wajen kunnen Papa mai rai na kwarara masa abin da na faɗa. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa sai ya shiga ɗaki ya sako hularsa ta zuwa coci, ya ce in tare mana keke mai ƙafa uku.

A gidan gwaggo aka yi sa'a mahaifiyar ta ɗauka. Papa ya karɓi wayar. Da ta ji tsoho yana yarenta, har yana tambayar unguwannin da ya sani tun yana saurayi, sai muryarta ta sauka. Suka yi ta hira kamar sun manta da ni, ina tsaye hannu a baya. Can ta ce a miƙo mata dillalin, in sake faɗa ta ji. Na tattara duk ƙarfina, na matse baki, na ce, "Bendere."

Papa, da yanzu ya kafa mini kunnen kirki, ya daka mini duka a kafaɗa. Ya ce, "Bar zuwan nan, ba naka ba ne. Ce mata za ka je. Iré."

Na ce, "Mamá, iré a su casa."

Ta dube ni, ta dubi 'yarta, sai ta fashe da dariya har wayar ta faɗi daga hannunta, muka koma kallon silin ɗin ɗakinta.

Mun je, ni da kawuna, aka karɓe mu hannu biyu. Ranar da za mu dawo ta rako mu bakin ƙofa. Ta tsaya a gabana, ta ɗago haɓata da yatsa don na sunkuyar da kai, ta ce, "La cuidarás." Na gane wutsiyar: za ka kula da ita. Amma ban ji alamar tambaya a muryarta ba, ban kuma ji roƙo ba. Daga baya aka bayyana mini cewa a yarensu in babba ya ce maka "za ka yi", umarni ya ba ka. Na amsa, "La cuidaré, mamá." Wannan kam ta fita daidai, kuma sai da na ji nauyinta a ƙirjina har muka hau jirgi.

Ni da a kara nake wuni ina raba "zan kawo", "zan nemo maka", "zan kira ka" ba tare da na ji komai ba, sai da na sha wuya kafin in furta "zan" ɗaya da yaren wasu, sannan na fara sauraron abin da nake faɗa da nawa. Yanzu ina ɗan jinkirtawa kafin in saki kalmar.

Yarinyar nan ita ce uwar 'ya'yana a yau, kuma ta gaji mahaifiyarta sak. Hausa muke yi a gida. Amma duk ranar da na ji ta juya harshe daga kicin ta ce, "Irás al mercado," wato za ka je kasuwa, na san ba duba take yi mini ba. Takalmina nake nema.