Motar da na ɗaure wa hanci

A shekarun da aka samu mulkin kai, ni direba ne a Gazawa. Maigidana wani Alhaji ne mai sayen gyaɗa. Ya sayi tsohon kamyo, wato babbar motar kaya, hannun wani Bature da zai koma ƙasarsu, ya danƙa mini makulli. Aikina in bi ƙauyuka in kwaso buhuna in kai Agye, wani lokaci har Maradi. Ban iya karatu ba a lokacin, sai da furfura ta fara fito mini na shiga ajin manya. Littafin da Baturen ya bari cikin motar, da shi nake tokare gilashi don kada ya yi ta kaɗawa.

Ina son motar nan ƙwarai, kuma son ne ya sa na yi mata abu biyu. Na lura da wani baki a gefen inji inda take zuƙar iska, na ga ƙurar hanya tana bi ta nan. Tausayinta ya kama ni. Na yanki tsohon rawanin babana, na ninka shi huɗu, na ɗaure bakin tam da igiyar kaba. Sai kuma bututun hayaƙi. Wata rana ya bugi kututture, bakinsa ya lotse, motar ta fara fito in na taka ta. Fiton ya yi mini daɗi, na samo dutse na ƙara lotsa shi har ya koma kamar sarewa. Tun daga nesa matan da ke bakin rijiya sun san ni ne tafe.

A hankali mota ta fara kasala. Akwai wani hawa mai yashi bayan an tsallake gulbi, nan ta fara tona mini asiri. Sai ta kai rabi, ta yi nishi, ta tsaya. Sau uku muna sauke buhuna muna hawa da su a ka. A na ukun wani mai jakuna ya zo wucewa, ya dube mu, ya ce, “Sannunku da hutawa.”

Da labari ya kai kunnen Alhaji, ya kira ni zaure. Ya ce, “Direba, Baturen nan da kaya yake hawa wurin. Ranar kasuwa zan zauna kusa da kai. In ba ta hau ba, akwai wani a Maradi da ke roƙona makullin nan.”

Na ce, “Allah ya ba ka nasara, tsufa ne ya kama ta.”

Ya ce, “Wata huɗu ne tsufan?”

Babu makanike a garinmu a lokacin. Na tafi wurin taubashina, ɗan kawuna, maƙeri ne a bayan kasuwa. Ba gyara ya kai ni ba, so nake ya ƙera mini babban felu na tonon yashi. Mutumin da bai taɓa riƙe sitiyari ba, me zai sani? Ya ce in tayar da motar. Ya zagaya baya, ya kara tafin hannunsa a bakin bututu, ya dawo gaba ya leƙa inji, ya ga rawani. Sai ya zauna a ƙasa yana dariya har da hawaye.

“Bawana, wa ya naɗa wa mota sarauta?”

Na ce, “Ƙura nake tare mata. Kai ka san garma, ka bar mana ƙarfen Turawa.”

Ya ce, “Zo ka zuga mini, malamin ƙarfe.”

Na zauna na kama zugazugai, wuta ta yi ja. Ya ɗauki tsumma ya toshe inda fatar take shan iska. Na yi ta dannawa har gumi ya keto mini, gawayi ya koma baƙi. Ya cire tsumman, wuta ta dawo, sai ya kife kasko a kanta. Hayaƙi ya rasa hanya, ya turnuƙe mu, wutar ta sake kwantawa.

Ya ce, “Ba wuta ce a cikin motar taka ba? Ka hana ta shaƙa, ka hana ta fitarwa, kuma kana so ta hau tudu da gyaɗar Alhaji. Kai ko fura aka ɗora maka a haka, za ka kai ta gona?”

Da muka kwance rawanin, ya yi tauri kamar busasshiyar fata. A ƙarƙashinsa muka tarar da wata tukunyar ƙarfe mai mai a ciki, ashe tun can masu ƙera motar sun yi mata abin kama ƙura. Ban taɓa buɗe ta ba, man ya zama laka. Muka wanke, muka zuba sabo. Ya yanke lotsattsen bututun, ya haɗa wani mai faɗi da ya ciro daga tarkacensa. Ya kuma ƙera dogon maƙogwaro ya ɗaga bakin shan iskar sama, kusa da gilashi, inda ƙura ba ta kai ba sosai, ya kifa masa hular gwangwani. Kwana biyu muna wannan aiki, bai daina kirana sarkin naɗi ba.

Ranar kasuwa muka yi lodi, Alhaji ya zauna kusa da ni da carbinsa. Fito ya tafi, yanzu ruri take yi kamar bajimi. Muka sauka cikin gulbi. Na sa ƙaramar giya, na yi bisimilla, na taka. Ta kai inda ta saba tsayawa, ta ɗan yi rawa a yashi, ta wuce. Ban ɗaga ƙafata ba sai da na ga gonakin da ke kan tudu.

Alhaji ya ce, “Me ka ba ta?”

Na ce, “Iska, Allah ya ba ka nasara.”

“Da wa ya hana ta?”

Na zuba wa hanya ido, na canza giya. Ya yi dariya, ya ce tun jiya taubashina ya gama ba mahauta da masu goro labari, har da kwaikwayon yadda nake zuga.

Ya ce, “Riƙe makullinka. Jibi akwai kaya a Gidan Rumji, ka sha mai tun yau.”